Ko Hankali Zai Iya Kai Mu ga Allah?



A ƙasarmu sunan Allah ba ya nisa da bakin kowa. Mai shago a Kasuwar Kakuri yakan ce sai godiyar Allah ko da ciniki bai yi ba. Direban bas ɗin Sabon Tasha ya rubuta sunan a bayan motarsa. Ba ma rabuwa da dare sai mun ce in Allah ya kai mu. Saboda haka da yawa daga cikinmu suna ganin tambayar ko akwai Allah ta Turawa ce, ba ta shafe mu ba. Amma ta riga ta shigo gidajenmu. 'Ya'yanmu da ke jami'o'i da kwalejoji suna karanta ta, suna kallon muhawara a kanta a wayoyinsu cikin dare, wasunsu kuma sun daina zuwa Misa ba su faɗa wa kowa dalili ba. Akwai kuma waɗanda kabari ne ya kawo musu ita, irin uwar da aka sayar da gonar gado aka biya kuɗin fansa, duk da haka ɗanta bai dawo ba.

Idan yaro ya yi wannan tambaya, abin da muka saba yi shi ne mu daka masa tsawa, ko mu ce Shaiɗan ya shige shi. Tsawa tana rufe baki, tambayar kuwa ta koma ciki ta ci gaba da girma. Ikkilisiya tana da wata hanya tun da daɗewa. A shekarar 1870 Majalisar Vatikan ta Ɗaya ta koyar da cewa mutum yana iya sanin akwai Allah ta hasken hankalinsa, idan ya dubi halitta. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, wanda ya zo Kaduna a watan Fabrairun 1982 ya naɗa firistoci a Dandalin Murtala, ya rubuta wa Ikkilisiya doguwar wasiƙa a 1998 mai suna Fides et Ratio, wato Bangaskiya da Hankali, don ya nuna cewa su biyun abokan tafiya ne. Ku lura, Majalisar ta ce hanyar a buɗe take. Ba ta ce kowace hujja da wani malami ya kawo ingantacciya ce ba. Don haka za mu ɗauki manyan hujjojin ɗaya bayan ɗaya, mu ji abin da masu suka ke cewa a kansu, mu auna da ma'auni na gaskiya. Matambayi ba ya ɓata.

Hujja ta fari: daga ina wutar ta fito?

Waliyyi Toma Akwinas (1225–1274), firist ɗan ƙasar Italiya na ƙungiyar Dominikan, ya kawo hanyoyi biyar a farkon babban littafinsa, Summa Theologiae. Uku na farko 'yan ɗaki ɗaya ne, ga kuma taƙaicensu. Duk abin da muka sani a duniya ya dogara ga wani abu kafin ya kasance. Dawa ta dogara ga ruwa da ƙasa da rana, ruwa ya dogara ga girgije, girgije ga teku da zafi. Babu ɗayansu da ke riƙe da kansa.

Kowa ya san yadda ake jan wutar lantarki a wasu unguwanninmu. Wannan gida ya ja daga maƙwabci, maƙwabcin ya ja daga na gaba, shi ma daga wani. Ka tambayi kowane mai gida inda wutarsa ta fito, sai ya nuna maka katangar kusa. To, ko gidajen sun kai dubu, ko ma layin ba shi da ƙarshe, muddin kowa ja yake yi babu mai samarwa, ƙwai ko ɗaya ba zai kama ba. Tsawon waya ba ya haifar da wuta. Dole ne a can wani wuri akwai inji mai juyawa, kamar na madatsar Shiroro da ke kan wannan kogi namu na Kaduna a Jihar Neja, kuma ranar da injin ya tsaya, duk layin yakan yi duhu a lokaci guda. Misalin yana da iyaka, domin injin Shiroro shi ma ruwa yake jira. Abin da Waliyyi Toma ke nufi shi ne Wanda bai ja samuwarsa daga kowa ba, wanda kuma yake riƙe da kome a wannan daƙiƙa da muke ciki.

Wannan hujja gadonmu ne tare da maƙwabtanmu Musulmi. Waliyyi Toma ya karanta Ibn Sina (980–1037), wanda ya bambanta abin da zai iya kasancewa ko ya rasa kasancewa da Wanda samuwarsa wajibi ce. Imam Gazali (1058–1111) ya kawo wata 'yar'uwarta: abin da ya faru yana da sanadi, duniya fararriya ce, saboda haka tana da Mai farar da ita. Littafin Ummul Barahin na Sanusi, malamin Tilimsan a ƙasar Aljeriya wanda ya rasu a 1490, an daɗe ana karantar da shi a zaurukan malamai na ƙasar Hausa, shi ma daga faruwar duniya ya kafa hujjarsa. Ashe mutanen da kogi ya raba suna shan ruwan rijiya ɗaya a wannan magana.

Suka ta farko ita ce wadda ko ɗan firamare yakan yi: to, wa ya halicci Allah? Amsarta ba ta da wuya. Hujjar ba ta ce kome da kome yana da sanadi ba. Ta ce abin da yake dogare yana bukatar madogara. Tambayar wa ya halicci wanda ba a halitta ba kamar tambayar wa ya bai wa mai asalin kuɗin rance ce.

Suka ta biyu ta fi nauyi. David Hume, masanin falsafa ɗan Skotland, ya fara ta a littafinsa da ya fito a 1779 bayan mutuwarsa. Bertrand Russell ya sake ta a 1948, a muhawarar da ya yi da Fada Frederick Copleston a rediyon BBC. Ya ce kowane mutum yana da uwa, amma wannan bai nuna bil'adama gaba ɗaya suna da uwa guda ba. Haka nan kowane abu yana iya samun sanadi, duniya kuwa a dunƙule tana nan ne kawai, ba dalili. Ana iya amsa masa da cewa wani lokaci jimla takan ɗauki halin ɓangarorinta. Katangar da aka gina da tubalin laka, ta laka ce duk tsawonta. Taron mabarata bai zama attajiri ba don sun yi yawa. Duk da haka gaskiya ita ce, wanda ya kafe a kan cewa duniya ba ta da dalili, babu lissafin da zai tilasta shi. Sai dai ya san farashin da ya biya. Babu wani wuri a rayuwa da muke karɓar irin wannan amsa. Makaniki a Kakuri ba zai ce maka mota ta mutu haka kawai ba. Likita ba zai ce zazzaɓi ya zo ba sanadi ba. Kimiyya duka an gina ta a kan cewa ruwa ba ya tsami banza. Mai musu yana bin wannan ƙa'ida a kan kome, sai da aka zo tambaya mafi girma ya ajiye ta.

Akwai darasi a nan daga wani firist. Fada Georges Lemaitre na ƙasar Beljiyam, masanin lissafi da taurari, shi ne ya nuna a 1927 cewa sararin samaniya yana faɗaɗa, a 1931 kuma ya kawo ra'ayin cewa ya fara ne daga wani ɗan ƙanƙanin dunƙule. Yau masana suna ƙiyasta shekarun wannan farawa da kimanin biliyan 13.8. Da Paparoma Pius na 12 ya yi jawabi a 1951 yana danganta wannan bincike da labarin halitta, Fada Lemaitre bai ji daɗi ba, domin ya san ra'ayin kimiyya yana iya sauyawa, bai kuwa so a ɗaure bangaskiya a jikinsa ba. Waliyyi Toma kansa ya koyar da cewa hankali kaɗai ba zai tabbatar duniya tana da ranar farawa ba. Hujjarsa tana nan tsaye ko duniya ta fara jiya ko ba ta da farko, domin tambayarta ita ce wa ke riƙe da ita yanzu.

Hujja ta biyu: zanen da ke jikin atamfa

Iyayenmu da suka yi aiki a masaƙun Kakuri, tun daga Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957, sun san zanen atamfa ba ya faɗowa kan yadi da kansa. Akwai wanda ya zauna ya zana, akwai wanda ya haɗa rini, akwai wanda ya saita inji. A 1802 William Paley, limamin Anglikan a Ingila, ya yi irin wannan tunani da agogo: wanda ya tsinci agogo a daji ya san akwai maƙeri, idon mutum kuwa ya fi agogo tsari.

A 1859 Charles Darwin ya nuna wata hanya da tsari ke iya fitowa. 'Ya'ya sukan ɗan bambanta da iyayensu. Waɗanda bambancin ya taimaka sukan rayu su hayayyafa. A tsawon miliyoyin shekaru ƙananan sauye-sauye su taru su zama manya. Mun ga ɗan samfurin wannan da idonmu. Maganin kulorokwin ya yi shekaru yana warkar da zazzaɓin cizon sauro, sannu a hankali ƙwayoyin cutar masu jure masa suka yi rinjaye, har asibitoci suka koma wasu magunguna. Hujjar Paley a yadda ya tsara ta ta raunana ƙwarai, bai kuma kamata mu ɓoye wa 'ya'yanmu haka ba. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya shaida wa masanan kimiyya na Vatikan a watan Oktoban 1996 cewa wannan bayani ya wuce matsayin zato. Wanda ya ajiye Allah a gurbin abin da kimiyya ba ta gano ba tukuna, duk ranar da aka gano, sai Allahnsa ya ƙara matsewa.

Amma tambayar ta koma ƙasa da inda take. Hanyar da Darwin ya bayyana tana aiki ne domin duniya tana bin dokoki tabbatattu. Ranar 29 ga Maris 2006 husufin rana ya duhunta sassan Zamfara da Katsina da hantsi, masana kuwa sun faɗi ranar da sa'ar tun shekaru kafin nan. Me ya sa lissafin da mutum ya yi a takarda ya dace da tafiyar rana da wata? Masana sun kuma lura cewa da wasu ma'aunai na asali, irin ƙarfin da ke jan abubuwa zuwa ga juna, sun ɗan sauya, da taurari ba su samu ba, balle rai. Masu suka suna amsawa da cewa wataƙila akwai duniyoyi bila adadin, tamu ce ta dace. Yana yiwuwa, amma babu wanda ya ga ko ɗaya daga cikinsu, ko da suna nan kuma, tambayar hujja ta fari tana jiransu. Sukar da ta fi cancanta a saurara ita ce ta Hume da ta Immanuel Kant, Bajamushe: ko an yarda akwai mai tsarawa, tsari kaɗai bai nuna shi ɗaya ne ba, bai nuna nagari ne ba, iyakarsa ya nuna gwanin magini. Wannan gaskiya ne. Sawu a kan rairayi yana gaya maka wani ya wuce, ba ya gaya maka halinsa.

Hujja ta uku: wadda waliyyai suka yi saɓani a kanta

Waliyyi Anselm (1033–1109), wanda ya zama Babban Bishop na Kantabari a Ingila, ya nemi hujja daga ma'anar sunan kawai. Ya ce Allah shi ne wanda ba a iya tunanin wanda ya fi shi. Abin da ke akwai a zahiri ya fi abin da ke cikin tunani kaɗai. Saboda haka dole yana nan a zahiri. Tun yana da rai wani ɗan zuhudu mai suna Gaunilo ya ce da haka ne, da sai mu ƙaga tsibirin da ya fi kowane tsibiri mu ce lalle yana nan. Anselm bai yi fushi ba. Ya amsa masa, ya kuma nemi a riƙa kwafe sukar da amsar tare da littafinsa. Waliyyi Toma ya ƙi karɓar hujjar. A 1781 Kant ya ce samuwa ba siffa ce da ake ƙara wa abu ba. Naira dubu ta cikin zuciya da naira dubu ta cikin aljihu adadinsu ɗaya, amma ɗaya ce kawai ke sayen garin masara. Har yau akwai masana da ke kare hujjar Anselm a sababbin sigogi. Ni dai ina bayan Waliyyi Toma. Abin koyi a nan shi ne, waliyyi ya ce hujjar waliyyi ba ta tsaya ba, Ikkilisiya kuma tana girmama su duka biyu. Mai bi ba ya karɓar hujja mai rauni don kawai ta goyi bayan abin da yake so.

Hujja ta huɗu: muryar lamiri

Waliyyi John Henry Newman na Ingila ya ce hanyar da ta fi kusa da shi ita ce lamiri. Idan ka yi mugun abu a ɓoye, babu wanda ya gani, babu wanda zai sani, kakan ji kunya da tsoro kamar kana gaban wani. Gaban wa?

Ranar 23 ga Yuni 2018, lokacin da mahara suka afka wa ƙauyukan Barikin Ladi a Jihar Filato, Limam Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi ba da su. A nan Kaduna ma, akwai iyalai a cikin farisoshinmu da ke raye yau domin wani maƙwabci Musulmi ya rufe su a ɗaki a shekarar 2000, akwai kuma Musulmi a ƙetaren kogi da Kirista ya yi wa haka. Duk mai hankali ya san abin da suka yi daidai ne, kuma daidai zai kasance ko da duk garin ya ce kuskure ne. Doka ce da ba majalisa ta kafa ta ba, ba kuma mai iya soke ta. Doka kuwa tana nuni ga mai doka.

Masu suka suna cewa lamiri tarbiyya ce kawai, ko kuwa ɗabi'ar taimakon juna da ta sa kakanninmu suka rayu. Suna kuma cewa akwai marasa addini masu gaskiya da riƙon amana. Na biyun gaskiya ne, Manzo Bulus ma ya nuna haka a sura ta 2 ta wasiƙarsa zuwa ga Romawa. Na farkon yana bayyana dalilin da ya sa muke jin wani abu, amma bai bayyana dalilin da ya sa ya wajaba a kanmu ba. Masu kisan ma tarbiyya suka samu, wadda ta ce musu naka sai naka. Da wane ma'auni muka ce tarbiyyar limamin ta fi tasu, in babu ma'auni a saman su biyun? Akwai masana da ke cewa gaskiyar ɗabi'a tana tsaye da kanta kamar gaskiyar lissafi. Amma lissafi ba ya sa mutum kuka a tsakar dare. Wajibi irin wannan mun saba jinsa ne a gaban mai rai.

Suka mafi girma: mugunta

Kafin Waliyyi Toma ya kawo hanyoyinsa biyar, shi da kansa ya fara rubuta sukar da ake yi, ta farkonta kuwa mugunta ce. Idan Allah mai iko duka ne, nagari kuma, don me ake wannan wahala? Ko dai ba ya iya hanawa, ko ba ya so.

Mu a nan ba ma bukatar a ba mu misali daga Turai. Rikicin watan Fabrairun 2000 ya ci fiye da mutum 1,000 a wannan birni. Na Nuwamban 2002 ya ci fiye da 200. Da yawa daga cikin masu karanta wannan takarda sun zo Narayi da Ungwan Romi da Gonin Gora ne da kayansu a ka. A daren 8 ga Janairu 2020 'yan bindiga suka shiga makarantar horar da firistoci ta Good Shepherd da ke Kakau, a kan hanyar Abuja, suka tafi da ɗalibai huɗu. Uku sun dawo. Michael Nnadi, ɗan shekara 18 daga Diyosis ɗin Sakkwato, an kashe shi, aka binne shi a makarantar ranar 11 ga Fabrairu. Ranar 5 ga Yuli 2021 aka kwashe yara 121 daga makarantar Bethel Baptist a Ƙaramar Hukumar Chikun. Duk waɗannan an yi musu addu'a dare da rana. Wasu sun dawo, wasu ba su dawo ba.

Amsa ta farko ita ce 'yancin zaɓi. Allah ya halicci mutum mai iya ƙauna, ƙauna kuwa ba ta yiwuwa bisa tilas. Hannun da ke iya ba da abinci shi ne ke iya ɗana kunama. Da Allah zai mai da kowane harsashi ruwa, da ayyukanmu ba su da nauyi, da mun zama 'yan tsana. Wannan amsa ta nuna samuwar Allah da samuwar mugunta ba su karya juna ba, yawancin masanan falsafa na yau ma, har da marasa bi, sun yarda da hakan. Amma ba ta share kome ba. Jaririn da zazzaɓi ya kashe, zaɓin wa ya kashe shi? Wani ɓangare laifin mutum ne, na wanda ya cinye kuɗin magani da wanda ya sayar da jabu. Wani ɓangare kuwa halin duniya ne mai bin dokokinta: ruwan da ke raya gona shi ne ke cin gidaje a bakin kogi. Duk da haka yawan wahalar da yadda take faɗa wa marasa laifi ya fi ƙarfin bayaninmu. Waliyyi Agustin, ɗan Afirka ta Arewa, ya koyar da cewa Allah ba zai ƙyale mugunta ba sai don yana da ikon fitar da alheri daga cikinta. Mun gaskata haka. Amma sau da yawa ba ma ganin alherin, kuma zalunci ne a faɗa wa uwa a gidan makoki cewa mun san dalilin mutuwar ɗanta. Abokan Ayuba sun yi daidai a kwana bakwai da suka zauna shiru. Da suka buɗe baki suna kare Allah da bayanai, Allah ya tsawata musu, ya ce Ayuba mai kuka ne ya faɗi gaskiya a kansa.

Abu biyu za a iya ƙarawa. Na ɗaya, wanda ya ce babu Allah saboda kisan Michael Nnadi ya tabbatar kisan mugunta ce ta hakika, ya kuwa koma ga hujjar lamiri. Cire Allah bai rage wahalar ko kaɗan ba, sai dai ya cire begen cewa za a yi shari'a wata rana. Na biyu, a nan ne hankali ke kaiwa bakin gaɓa. Amsar Kirista ita ce Allah ya shiga wahalar da kansa, aka kama shi da dare, aka kashe shi ba laifi, ya tashi a rana ta uku. Wannan bishara ce da ake karɓa ta wurin bangaskiya, kada mu sayar da ita a matsayin lissafi.

Sukar da ta fito daga gare mu

A 1965 Majalisar Vatikan ta Biyu ta faɗi magana mai ɗaci, cewa masu bi suna da hannu wajen yaɗuwar rashin yarda da Allah, idan koyarwarsu ta karkace ko rayuwarsu ta ɓoye fuskarsa. Yaron da ya ga an ƙone gida da sunan Allah, ta ɓangarenmu ko ta wancan, ya ga mai wa'azi yana sayar da mu'ujiza, ya ga dattijon coci ya ci kuɗin marayu, bai bukaci Hume ba. Ga irin wannan yaro, abin da Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa suka yi, da suka ajiye gaba suka kafa cibiyar sulhu a Kaduna a 1995, ya fi hanyoyi biyar ƙarfi.

Akwai kuma batun yadda ake bi da wanda bai gaskata ba. A watan Afrilun 2020 aka kama Mubarak Bala, ɗan Kano da ya bayyana cewa bai yarda da samuwar Allah ba, a nan Kaduna, saboda rubuce-rubucensa a Facebook. A 2022 wata kotu a Kano ta yanke masa shekara 24, a 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage zuwa 5, daga baya aka sake shi. Izgili ga abin da wasu ke tsarkakewa ba hujja ba ne, ba kuma hali ne nagari ba. Amma kurkuku ma ba hujja ba ce. Majalisar Vatikan ta Biyu ta koyar da cewa ba a tilasta wa kowa a sha'anin addini, gaskiya tana shiga zuciya da ƙarfin kanta. Wannan ya shafi gidajenmu kamar yadda ya shafi kotu. Uban da ya kori ɗansa don ya yi shakka ya ƙara wa shakkar hujja.

Abin da ya rage a hannunmu

Ga sakamakon awon. Hujjar Anselm ba ta ɗauki kaya ba. Ta Paley ta faɗi, amma tsarin da ke ƙarƙashinta yana nan. Hujjar dogaro da ta lamiri suna tsaye, ko da yake ba sa ɗaure wanda ya ƙi. Mugunta kuwa nauyi ne na gaske a ɗaya gefen sikeli, mai bi na ƙwarai ba ya musun haka. Katikisma ta Ikkilisiya, wadda ta fito a 1992, ta ce waɗannan hujjoji ba irin na ɗakin gwajin kimiyya ba ne; dalilai ne da ke haɗuwa su ƙarfafa juna. Haka igiya take: kowane zare ana iya tsinke shi da hannu, a murɗe kuwa suna jan guga daga rijiya mai zurfi.

Kada kuma wani ya ce kakarmu da ba ta taɓa jin sunan Akwinas ba bangaskiyarta ba ta cika ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi rubuce-rubuce yana tsawata wa ɗaliban da ke kafirta talakawa don ba su iya jero hujjojin tauhidi ba, mu ma abin da muka riƙe ke nan. Hujja tana share hanya, tana nuna cewa mai bi bai jefar da hankalinsa ba. Sanin Allah a matsayin Uba kyauta ce, ana kuma roƙonta a durƙushe.

Iyaye, idan ɗanku ya kawo tambaya, ku ba shi kujera. In ba ku da amsa, ku ce mu je mu tambaya tare. Malaman katikisma da shugabannin matasa, ku karanta sukar kafin ku koyar da hujjar, ku faɗe ta yadda mai ita zai ce haka nake nufi, kamar yadda Waliyyi Toma ya riƙa yi. Zumuntar mata, ku da kuka fi kowa zama a gidajen makoki, ku ci gaba da abin da kuka iya: zama, da ruwa, da abinci, da addu'a. Ku kuma matasa masu shakka, kada ku tsaya a rabin hanya. Ku tuhumi shakkarku kamar yadda kuka tuhumi bangaskiyarku, ku karanta mafi ƙarfin abin da kowane ɓangare ya rubuta, ku zo ofishin faris mu yi magana. Toma manzo ya yi mako guda yana shakka a tsakiyar 'yan'uwansa, ba wanda ya kore shi, a can kuwa Ubangiji ya same shi.

Allah, wanda ya ba mu hankali don mu neme shi, ya ba mu tawali'u da haƙuri da juna, ya ji ƙan waɗanda muka rasa, ya ba birninmu salama a kowane gefen kogi. Amin.